Sakataren Injiniya

Ba injiniya ba ne, mai gyaran firiji ne, ko takardar gama koyon aikin ma ba shi da ita. Amma tun ranar da ya zaro wani ɗan abu mai faɗin tafin hannu daga aljihun gaban rigarsa, ya cire tsinken roba daga gefensa, ya ce wa mai shagon kifi, "Dakata in duba ko ina da lokacinka," sai layin gaba ɗaya ya laƙaba masa Injiniya, sunan kuma ya bi shi har cikin gida. Abin ba waya ba ne. Ba ya kira, ba a kiransa. 'Yar na'ura ce ta ajiye lambobin mutane da ranakun alƙawari, irin mai arahar nan da fuskarta toka-toka, mai cin ƙananan batura biyu. Masu tsadar suna da launi, har waƙa suke yi. Tasa ba ta iya komai ba sai ajiya da ɗan kukan tuni, shi kuwa ya ce hakan ya ishe shi, ya raɗa mata suna Sakatare.

Matarsa, wadda ake kira Anti Tela saboda keken ɗinkinta da ke bakin tagar falo, ta yi masa tsiya har bakinta ya gaji.

"Shagon da ko bencin baƙi babu, wai shi ne da sakatare."

"Kuma bai taɓa makara ba," in ji shi. "Bai taɓa ce min kansa na ciwo ba."

Aibin Sakatare ɗaya ne: ba ya riƙe komai sai da wuta a cikinsa. In za a canza masa batir, sai an jera sababbin a kusa, ana cire tsofaffin a zura su nan take. Aka yi jinkiri kaɗan, ya manta duk abin da aka taɓa gaya masa, ya farka kamar yau aka sayo shi. Shi ya sa ranar canjin batir Injiniya kan share tebur, ya naɗe hannun riga, ya ce kada wanda ya yi masa magana. Anti Tela da 'yarsu sukan tsaya a ƙofar kicin suna ƙunshe dariya. 'Yar ita kaɗai suka haifa, amma Auta ake ce mata, don uban ya ce ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe, kuma na ƙarshen ya fi daɗin faɗa.

Wata safiya ya sunkuya a shago zai ja wani firiji daga jikin bango, bai miƙe ba. Da ya farfaɗo a asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Likita ya ce kalmomin suna nan a kansa lafiya lau, ƙofar fitarsu ce ta rufe. Aka ba shi biro da takarda a hannun hagu, hannun yana rawa, abin da ya fito tafiyar tsutsa ta fi shi kan gado. Idon ma bai tsira ba. In ya kai hannu zai ɗauki kofi, sai hannun ya sauka a gefen kofin, kullum ta hagu, ya lalubo shi daga can.

Auta ce ta tuna da Sakatare. Ta je gida ta ɗauko shi daga durowa, baturan sun daɗe da mutuwa, lambobin da uban ya tara shekara da shekaru sun bi su. Ta sa sababbi. Gilashin ya kawo wayam, ba komai sai 'yar alama irin ta tarawa a lissafi, can a kusurwa, da rubutu cewa a taɓa tsakiyarta da tsinke. Haka yake yi duk sanda ya farka sabo. Kafin ta taɓa, uban ya miƙo hannu ya karɓe tsinken. Ya caki gilashin, alamar ta koma wata kusurwar, ya sake caka, ta dawo tsakiya, ya sake. Auta ta buɗe masa wurin da ƙananan haruffa suke jere, inda ake taɓa su ɗaya bayan ɗaya su haɗa kalma. Ya daɗe yana fama, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Sannan ya juyo musu da gilashin. Ya rubuta ruwa.

Auta ta fashe da kuka, ta kifa kai a kan gadon. Anti Tela ta tashi ta ɗebo ruwan.

Aka dawo da shi gida, maza suka hau da shi bene a kan kujera. Hutun Auta ya ƙare, ta koma garin da take aiki. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, suka yi ta raguwa. Dubiya dai aiki ne mai sauƙi: ka zauna a kujera mai kyau, ka ce sannu da murya ƙasa-ƙasa, ka girgiza kai, ka sha lemo, ka tashi. Ba a taɓa samun wanda ya zo daidai lokacin canza zanin gado ba.

Anti Tela ce ke canzawa. Ita ke juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, ta goge masa jiki, ta yi masa aski, ta ba shi abinci da ƙaramin cokali ta gefen bakin da ke motsi, ta wanke zannuwa ta shanya a baranda, ta koma kan keke. Ta ɗinka wa Sakatare 'yar jaka da guntun yadin mutane, ta rataye a ƙarfen gado ta hannun hagunsa. Maganarsa ba ta da yawa. Ruwa. Zafi. Juya ni. Bayi. Wani lokaci sannu. Tun tana tsayawa ya gama har ta daina, don kalma ɗaya tana cin lokacin da za ta yi wa siket kalmasa. Da ta ga r ta san ruwa ne, ta juya ta nufi kicin. Da ta ga j ta naɗe hannun riga. Shi kuma sai ya sauke tsinken ya bar kalmar a gutsure.

Ba ta jin haushinsa. Ba ta kuma jin tausayinsa, in za a faɗi gaskiya. Ba ta jin komai. Ranar da allurar keke ta shige mata farce, tsayawa ta yi tana kallon jinin yana ɗiga a kan farin yadi, abin da ya fara zuwa mata shi ne ko tabon zai fita da ruwan sanyi. Mata a layi suna cewa kai, Anti Tela akwai ƙarfin hali. Ta rasa yadda za ta gaya musu ba ƙarfin hali ba ne, wurin ne ya mutu, kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kai.

Ran nan Sakatare ya nuna batir ya kusa ƙarewa. Ta yi yadda ta ga mijin yana yi. Ta share teburin gefen gado, ta jera sababbi biyu, ta buɗe murfin, ta ciro tsofaffin. Sai aka buga ƙofa. Malama ce, wata malamar makaranta da ta daɗe tana kawo mata ɗinki, mai kafaɗar dama a sauke, wadda ba telan da ya iya mata riga sai Anti Tela. Ta zo gwaji, a gurguje take, motar makaranta na jiranta a ƙasa. Injiniya ya yi wannan ƙarar tasa daga maƙogwaro, ita kaɗai ce ta rage masa, yana kai hannu wajen teburin.

"Ina zuwa, Baban Auta. Yanzu zan juya ka."

Ta fita, ta sa wa Malama rigar, ta cika baki da fil tana kama nan tana sakin can. Tana jin ƙarar tasa daga ɗaki, ba ta tsaya ba. Sai da ta rufe ƙofa ta dawo ta ga murfin a buɗe, baturan a jere yadda ta bar su, sannan ta gane abin da yake ta faɗa. Ta zura su. Gilashin ya kawo wayam, da 'yar alamar nan a kusurwa.

Hankalinta bai tashi ba, don ba wasu lambobi da suka rage da za a yi asara. Ta ɗauki tsinken, da hannun nan nata mai zura zare a allura ba tabarau, ta taɓa tsakiyar alamar cif, ta bi ta ɗaya kusurwar, ta bi ta tsakiya. Ta buɗe haruffan ta miƙa masa.

Ya taɓa, ya taɓa, ya tsaya. Ya goge ya sake. Ta leƙa ta ga ya rubuta eyq. Ya sake gwadawa, wani shirmen ya fito. Ya ɗago ya dube ta, ya nuna na'urar, yana ƙara. Ta karɓa ta rubuta ruwa da kanta, kalmar ta fito tas.

"Ga shi lafiyarsa ƙalau. Yi a hankali."

Ya yi a hankali, shirme ya fito a hankali. Kwana da kwanaki haka. Ta koma yi masa canke, ta kawo ruwa yana nufin bayi, ta juya shi yana nufin zafi. Wata rana ya yi jifa da Sakatare, ya faɗa kan tulin wanki. Daga nan bai ƙara kai hannu wajen jakar ba. Ya kan kwanta yana kallon silin. Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa awon jini ta ce akan samu haka, wani lokaci ciwon yakan sake taɓa kai ba a sani ba. Anti Tela ta gaya wa Auta a waya, Auta ta yi kuka, ta kira yayan babanta.

Yaya tsohon direban babbar mota ne, ya ajiye tuƙi, yana da gida mai faɗi a wani gari da 'ya'ya maza manya, ga ƙanwarsu shi da Injiniya, wadda ta yi aikin asibiti, tana kusa da shi. Ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Shi kaɗai ne cikin 'yan dubiya ya taɓa tambayar inda ake ajiye bokiti. Ya zo ya zauna a gefen gado ya yi wa ƙanensa magana, ƙanen ya kalle shi bai motsa ba. Anti Tela ta nuna masa abin da ya rage a gilashin, ya nesanta shi da fuskarsa ya kanne ido.

"Ni idona ba ya ganin waɗannan ƙwayoyin. Me ya rubuta?"

"Ba komai, Yaya. Haruffa ne kawai."

Ya mayar mata da na'urar. Can ya kira ta falo.

"Maman Auta, da yana magana da wannan abin ban ce komai ba, don wanda zai iya faɗin abin da yake so ba a ɗaukarsa kamar kaya. Yanzu kuwa bai san inda yake ba. Ke kuma dubi yadda kika koma, duk kin zabge. Ki bar ni in tafi da shi. Can ƙasa ne ba bene, ga maza masu ɗaga shi, ga mai jinya. Ki zauna ki riƙe ɗinkinki, ki yi barci, ki riƙa zuwa kina ganinsa."

Ta saurari zuciyarta ko za ta ce wani abu. Ba ta ce ba.

"To, Yaya."

Safiyar tafiyar, Yaya da direba suna ƙasa suna kwantar da kujerun mota, suna shimfiɗa katifa. Ta haɗa kayan mijin a jaka, magunguna a gefe, reza, man shafawa, ƙaramin cokalin. Ta ciro Sakatare daga jakarsa, ta rasa ko ta sa shi a kayan ko ta mayar da shi durowa. Ta tsaya a bakin taga tana goge gilashin da gefen zaninta, don kawai hannunta ya samu abin yi. Rana ta faɗo a kansa a karkace, sai ta ga tabon da bakin tsinke ya bari, ƙananan ɗigo-ɗigo inda ya fi caka duk watannin nan. Ta kunna shi, haruffan suka fito a ƙarƙashin tabon. Ko ɗaya babu a kan harafi. Duk a gefe suke, ta hagu, tazarar iri ɗaya.

Ta tuna kofin. Ta tuna asibiti, da wanda ya taɓa alamar a ranar. Rigar Malama tana rataye a jikin ƙofa tana jiran a zo a karɓa, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, duk wanda ya gan ta a nan zai ce telar ba ta iya aiki ba, amma a jikin mai ita take zama daidai. Ashe alamar nan awo ce. Sakatare yana auna hannun mai shi ne. Da hannun Injiniya ya auna, ya koyi cewa in an taɓa gefe, harafin ake nufi. Ita kuwa ta zo ta ba shi awon hannunta.

Bai sake samun wani ciwo a kai ba. Yana nan a ciki duk kwanakin nan, yana jin su suna shirya tafiyarsa.

Ta san hanya ɗaya ce kawai ta dawo da alamar. Ta zauna a gefen gado, ta buɗe murfin, ta ciro baturan ta ajiye a tebur, ta harɗe hannu a cinya. Injiniya ya juyo da kai daga silin. Ya dubi baturan, ya dube ta. Wannan karon bai yi ƙara ba.

Yaya ya hawo yana haki. "Mun shirya. Ga maƙwabta nan za su kama mana kujera."

"A ɗan dakata, Yaya."

Ta jira har ta tabbata Sakatare ya manta da ita, sannan ta mayar da baturan. Alamar ta fito. Ta sa wa mijin tsinken a hannu, ta riƙe masa na'urar. Ya kai tsinken ya caka, ƙiri-ƙiri a gefen alamar, har hannunta ya motsa zai gyara masa, ta danne shi. Ya caki ta biyu a gefe. Ya caki ta uku a gefe. Ta buɗe haruffan.

"Yaya, tambaye shi wani abu. Abin da ban sani ba."

Yaya ya dube ta kamar zai ce a bar wahalar da mara lafiya. Amma ya matso ya durƙusa.

"Kai, wane suna Inna take kiranka da shi muna yara?"

Tsinken ya fara tafiya, a hankali, yana rawa. Ta karanta da ya gama.

"Ya ce Gwangwani."

Yaya ya yi wata irin dariya da ta karye a tsakiya. "Gwangwani! Duk gwangwanin da ya gani a bola sai ya kwaso shi gida, wai zai ƙera mota." Ya kama hannun ƙanen nasa, hawaye na bin gemunsa. "Ashe kana nan. Ashe kana jin mu. To ka yafe min. Yanzu ka faɗa da kanka, za ka bi ni ko za ka zauna? Wallahi abin da ka ce shi za a yi."

Ya tashi ya je taga ya ce wa direba ya kashe mota. Injiniya ya daɗe a kan wannan. Ita tana riƙe da na'urar, tana kallon haruffan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.

zan je. ta gaji

"Me ya ce?" in ji Yaya daga taga.

Ta dubi gadon. Ta ga yadda zai kasance nan da azahar, an yaye zanin, katifar da ramin jikinsa a tsakiya, 'yar jakar tana lilo a jikin ƙarfe ba komai a ciki. Sai tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda ta manta yadda yake, ya taso mata daga ciki har yatsunta suka yi sanyi.

"Ya ce ba inda za shi."

Injiniya ya yi ƙara, mai ƙarfi, yana buga katifa da hannu.

"To, to, na ji," in ji Yaya. "Kada ka ta da hankalinka, ba mai taɓa ka. Gwangwani da taurin kai, har yanzu." Ya share ido, ya ce zai turo babban ɗansa ya riƙa kwana biyu yana taimakawa da ɗagawa, ita kuma ta daina cewa komai lafiya in an tambaye ta. Ya sauka ya sallami maƙwabta. Ta ji an ta da mota, ta ji ta fita daga layin.

Ta dawo ɗakin ta fara fitar da kayan daga jaka, reza, man shafawa, cokali. Ba ta yarda sun haɗa ido ba. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen gado da tsinke. Ta zo ta riƙe masa Sakatare.

Ya taɓa m, ya taɓa a, ya taɓa na uku. Tun a nan ta san inda ya dosa. Kalmar doguwa ce, ga wanki a jiƙe, ga rigar mutane a kan keke. Ta zauna a gefen gadon ta bar shi ya bi ta harafi bayan harafi, ya yi kuskure ya goge, ya huta, ya ci gaba, har ya kai ƙarshe.

maƙaryaciya

"Eh," ta ce. "Ka je ka kai ƙara."

Muryar ba ta kai ƙarshen maganar ba. Kukan ya zo mata ba shiri, mai sauti, mara kyan gani, har kafaɗunta na girgiza. Ya jira ta ɗan lafa. Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga. Sannan ya sake ɗaga tsinken ya taɓa r.

Ta share fuska da gefen zani, ta gyara riƙon, ta jira ya ƙarasa.